TUKUNYAR IRIN IYA: ME YA KAMATA MU GADA DAGA KAKANNINMU?

Abin da nake so in yi magana a kai shi ne labaran da tsofaffi suke ba mu a gida game da kakannin da suka riga mu gidan gaskiya, musamman waɗanda aka sani da taurin kai. Da wuya ka sami gidan da ba shi da irin wannan mutum ko da guda ɗaya. A ɗakin kwananmu na ɗalibai mun sha yin hirarsu bayan an kashe fitila, wannan ta kawo na kakanta, waccan ta kawo na kakarta, mu yi ta dariya har barci ya kwashe mu. Ra'ayina shi ne muna yi wa waɗannan labarai riƙon sakainar kashi, kuma ko tsofaffin da ke ba mu su, sau da yawa rabi suke faɗa. Ya kamata mu nemi labarin gaba ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa, mu rubuta shi, sa'an nan mu zaɓi abin da ya dace mu gada. Domin mai karatu ya gane inda na dosa, bari in kawo labarin gidanmu.

Kakar mahaifina, wadda kowa a gidan yake kira Iya, Bamagujiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ban riske ta ba, amma na tashi ina jin sunanta kamar tana nan a ɗakin baya. Idan yaro ya ƙi cin tuwo sai a ce Iya ta dawo, idan akuya ta turje a hanyar kasuwa sai a ce ta Iya ce. Kamar sauran matan Maguzawa, tana noma, tana da gayaunarta, tana kuma da ɗan rumbunta dabam da na gandu. Mijinta yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aikin da Turawan mulki suka ɗora wa talakawan Arewa daga 1942 zuwa 1944. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba, bayan 'yan shekaru ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya uku: babbar mace wadda muke bin bakin mahaifinmu mu kira ta Gwaggo, sai kakana wanda muke kira Baba Tsoho, sai 'yar auta. Dangi suka ce ta koma gidan iyayenta ta yi wani aure, a raba yaran. Ta ce ita da gonar mijinta sai mutuwa. Daga nan ne aka fara kiranta mai taurin kai.

Mun saba jin cewa rashin ruwa ne ke kawo yunwa, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko farin 1973 da na 1984. To, a daminar 1953 ruwa ne ya yi yawa. Ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, gonaki suka jiƙe, ciyawa ta fi ƙarfin manoma, amfanin gona ya lalace a wurare da dama na ƙasar Hausa, a Nijeriya da Nijar. Yunwar da ta biyo baya a 1954 ita ce tsofaffi suke kira Muda, domin a shekarar hatsi ya koma sai a mudu, wanda ya saba auna abincinsa da dami ya koma bin mai awo. Bugu da ƙari, ga haraji. Da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi yake da araha, saboda haka dole magidanci ya sayar da ɗan abin da ya samu ya biya, sa'an nan da bazara ya sayi hatsin nan da tsada, idan yana da abin saye. Kafin ruwan farko ya sauka rumbunan gidanmu sun zama wurin kwanan ɓeraye. Baba Tsoho, wanda yake ɗan shekara tara a lokacin, ya ce abincinsu ya koma tafasa da rama da zogale da dusa, sai garin rogo da ake kawowa daga kudu idan an dace. Ya ce har gidan tururuwa sun tona don neman ƙwayar hatsin da ta tara.

Amma akwai wani abu da kowa a gidan ya sani. Tun da kaka Iya ta zaɓi zangarniyar gero da ta dawa mafi kyau cikin ɗan abin da ya tsira, ta sussuke, ta haɗa da wake, ta gauraya da toka don kada ƙwari su ci, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Bai fi mudu goma ba. Da yunwa ta yi tsanani, ƙanen mijinta, wanda shi ne maigida a lokacin, ya zo ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, ki fito da tukunyar nan a dama wa yara kunu. Ai wanda ya mutu ba ya shuka." Ita kuwa ta ce, "Gidan nan mu fi ashirin. Idan mun ci, kwana nawa za ta kai mu? Ka ce huɗu. To, ranar ta biyar me za mu ci, kuma me za mu zuba a rami idan ruwa ya sauka?" Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tara dattawan unguwa, ta ƙi. Da ta ga alamar za a shiga ɗakin idan ta fita, sai ta daina zuwa ko rijiya, ta shimfiɗa tabarma a kan wurin, ta ajiye taɓarya kusa da hannunta.

Da ruwa ya sauka ta tone tukunyar. Ta shuka gayaunarta, ta ba da na gandu, har maƙwabta biyu suka sami abin zubawa a rami. Mutane da yawa a ƙauyen sun cinye irinsu, saboda haka dole suka ci bashi daga masu hali, dami ɗaya a biya biyu da kaka, wasu ma suka jinginar da gona ba su sake fansarta ba. Gidanmu ba a ci wannan bashi ba, gonar kuma tana hannunmu har gobe. A nan Baba Tsoho yake tsayawa. Yakan dube ni ya ce, "Amarya, kin ji mace. Ba don ita ba da yanzu barori muke." Shekara da shekaru wannan kaɗai na sani, kuma ina alfahari da shi.

A hutun Kirsimetin da ya wuce aka aike ni gaida Gwaggo. Cikin hira na kawo labarin tukunya ina murmushi, ina tsammanin za ta taya ni. Sai ta yi shiru, can ta ce, "Ya gaya miki mu uku ne?" Na ce e. Ta ce, "Ya gaya miki mu nawa muka ci tumun shekarar?" Ashe 'yar autar nan ba ta ga kaka ba. Gudawa ta kama ta da bazara, ƙafafunta suka kumbura, ta daina karɓar ganyen da ake dafawa. Gwaggo, wadda take 'yar shekara goma sha uku, ita ke goya ta. Ta ce ta durƙusa gaban uwarsu ta roƙi cikin tafi ɗaya na gero a dama wa yarinyar, Iya ta ce idan aka fasa bakin tukunyar yau, gobe ba wanda zai iya hana sauran 'ya'yan gidan, ai su ma 'ya'ya ne. Bayan kwana uku yarinyar ta rasu a bayan Gwaggo. Ta ce ta yi shekaru ba ta iya duban idon uwarta. Amma ta ƙara da abin da Baba Tsoho bai sani ba, domin shi yaro ne mai nauyin barci. Ta ce duk tsawon bazarar nan Iya rabin kasonta take ci ta tura musu sauran, kuma bayan rasuwar autar, kullum da tsakar dare takan ji ta tana kuka a hankali, fuskarta a kife a kan tabarmar da ke bisa tukunyar.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Gaskiya ɗaci gare ta. Amma ina ganin sai a ranar ne na san Iya. A da ina ɗaukarta kamar dutse, wadda ba ta jin zafin komai, ashe mutum ce da aka sa a tsaka mai wuya, ta zaɓi ɗaya, ta kuma ɗauki nauyin zaɓinta har ƙarshen ranta. Ko cikin tafin nan zai ceci yarinyar, Allah kaɗai ya sani. Ni dai da nake cin abinci sau uku a ɗakin cin abinci na makaranta, har in yi ƙorafin wake ya yi ruwa, ba ni da bakin yanke mata hukunci.

Sauran labarinta ma fuska biyu gare shi. A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, ta kama hannun Baba Tsoho ta kai shi makarantar mishan, ta sayar da awakinta biyu ta yi masa kayan makaranta. Dattawa suka ce ta rage wa gandu hannu, kuma ɗan boko ba ya dawowa ga fartanya. Ta toshe kunne. Shi ne ya zama malamin makaranta na farko a ƙauyen, shi ya ilimantar da mahaifina, ga shi yau ina rubutu a wannan mujalla. Amma wannan hali dai shi ne ya sa ta ƙulla gaba da ƙanen mijinta saboda maganar tukunya. Kusan shekara ashirin ba ta taka sashensa ba, an kai mata fasto, an kai mata dattawa, ta ƙi saukowa, har ya rasu ba su shirya ba. Har yanzu jikokinsa da mu gaisuwar hanya ce kawai tsakaninmu, alhali kuwa ba wanda ya san tukunyar a cikinmu.

To, jama'a, ina ganin akwai kurakurai uku da muke yi game da irin waɗannan labarai. Na farko namu ne, mu 'yan makaranta. Da zarar mun iya 'yan kalmomin Turanci sai mu ɗauki labarin ƙauye abin dariya ko abin kunya. Na san ɗalibai a makarantar nan da ba sa son iyayensu su zo ranar ziyara da kayan ƙauye. Muna haddace shekarun yaƙe-yaƙen Turai domin jarrabawa, amma ba mu san sunan yunwar da ta kusa shafe gidanmu ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A darasin addini an koya mana labarin Yusufu da ya tara hatsi a Masar saboda shekaru bakwai na yunwa, labarin da Kirista da Musulmin cikinmu duk suka sani, muna kuma yaba hikimarsa. Me ya sa idan tsohuwar ƙauye ta yi irin wannan hangen nesa da tukunya ɗaya sai ta zama abin ba'a?

Kuskure na biyu, cikin ladabi nake faɗa, na iyayenmu ne. Sau da yawa sukan mai da labarin wahalar dā bulalar dukan yara. Da ka ce takalminka ya tsinke sai a ce a zamaninsu ba takalmi suke tafiya, kamar dai wahalar ce ta sa mutanen dā suka zama nagari. Ni ban yarda da haka ba. Wahala ta kashe 'yar autar Iya, ta kashe mijinta, ta raba gida biyu. Agana ta makantar da mutane ta kashe wasu, har sai da rigakafi ya kawar da ita daga duniya, aka tabbatar da haka a 1980. Kurkunu yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma, sai a 2013 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Harajin da ya sa aka sayar da hatsi da araha, gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna ne suka soke shi tare da jangali bayan hawansu mulki a 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Ba mai hankalin da zai yi kewar waɗannan abubuwa. Iya kanta ba son wahala take yi ba, da tana so da ba ta sayar da awakinta don ɗanta ya fita daga cikinta ba. Idan za a ba mu labarin, a ba mu shi domin mu san abin da aka biya, kada a share sunan waɗanda suka mutu don labarin ya yi daɗin ji.

Kuskure na uku shi ne ɗaukar gado a dunƙule. Akwai ɗalibin da za a hukunta saboda ƙin bin doka, sai ya bugi ƙirji ya ce su gidansu ba a tanƙwara su, gado ya yi. Wannan yaudarar kai ce. Taurin kan Iya iri biyu ne, kuma bambancinsu a fili yake. Lokacin da ta tsare tukunya da lokacin da ta kai ɗanta makaranta, baɗi take dubawa, kuma ita ce ta fara shan wuyar abin da ta zaɓa. Lokacin da ta riƙe gaba kuwa, bara take dubawa, ba abin da ta tsare sai zuciyarta, wuyar kuma ta faɗa kan jikokin da ba su ji ba ba su gani ba. Na farkon shi ya kamata in roƙi Allah ya ba ni. Na biyun kuwa ya kamata a binne shi tare da ita. Duk wanda zai kafe a kan wani abu, ya tambayi kansa: wa zai ci amfanin kafewar nan gobe, kuma wa ke biyan kuɗinta yau?

Wani zai ce tone-tonen nan ba shi da amfani, tunda zai tayar da tsohon miki, kuma bai dace yaro ya binciki laifin kakanninsa ba. Na yarda akwai abin da ya kamata a bari a cikin gida, shi ya sa ma ban ambaci sunan kowa ba. Amma rabin labari ne ya sa gabar gidanmu ta daɗe. Mu an gaya mana ƙanen mijin Iya rago ne mai son cin iri, su kuma an gaya musu Iya mara tausayi ce. Da na ji bakin Gwaggo sai na gane shi ma mutumin kirki ne da yake kallon yara suna ramewa a gabansa. Waiwaye adon tafiya ne.

Kada kuma mu ɗauka zancen tukunyar iri ya wuce. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu a sassan Katsina da Zamfara da Kaduna. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a jihohi da dama, kuma bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A cikin wannan hali ne iyayen da yawa daga cikinmu suke sayar da buhun masara ko tunkiya su biya kuɗin makaranta, ƙannenmu a gida suna cin tuwo da miyar da ba mai. Idan muka duba da kyau, mu ne tukunyar da aka liƙe aka binne, ana jiran ranar shuka. Ɗalibin da ya san haka ba zai tsallake katanga ya tafi yawo lokacin karatun dare ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, a hutu mai zuwa kowa ya ware littafin rubutu guda, ya zauna gaban tsofaffin gidansu. Mai wayar hannu ya nemi izini ya ɗauki muryarsu. Kada mu tsaya ga mutum ɗaya, mu tambayi maza mu tambayi mata, domin sau da yawa abin da aka faɗa a zaure dabam yake da abin da aka sani a madafa. Mu tambayi sunan yunwar da suka gani, da abin da aka ci, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi cin rani bai dawo ba. Idan tsoho bai san shekara ba, a tambaye shi ko kafin zuwan Sarauniya ne a 1956, ko bayan samun 'yancin kai a 1960, ko lokacin da motoci suka koma hannun dama a 1972, ko shekarar da naira ta maye gurbin fam a 1973, da haka za a gano lokacin. Ina kuma roƙon malamanmu na Tarihi da na Hausa su karɓi waɗannan rubuce-rubuce su duba, a ajiye mafi kyawunsu a ɗakin karatu na makaranta. Mu hanzarta, domin waɗanda suka ga Muda da idonsu duk sun haura shekara saba'in, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai na fara nawa. Na rubuta bakin Baba Tsoho, na rubuta na Gwaggo, na kuma sa sunan 'yar autar a shafin farko, domin na lura a gidanmu an kusa manta shi. Na roƙi mahaifina idan mun je gida da Ista ya raka ni sashen jikokin ƙanen mijin Iya in ji nasu bakin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce to. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya kuma ba mu ikon zama iri nagari, amin.

Daga wata ɗaliba, Aji Shida